Yadda Ake Auna Ƙarfin Firaminista a Ƙasashen da Ke Bin Tsarin Majalisa

Wanda ya taso a ƙarƙashin tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko, irin wanda Najeriya ta koma wa a 1979, yakan sha mamaki idan ya ji a rediyo cewa firaministan Birtaniya ya ajiye mulki alhali ba a yi zaɓe ba, kotu ba ta ce ya sauka ba, wa'adin majalisa kuma da saura. Daga 2016 zuwa 2022 firaministoci huɗu ne suka bar gidan gwamnati da ke lamba 10 a titin Downing ta haka, wato David Cameron da Theresa May da Boris Johnson da Liz Truss, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da 'yan adawa suka kayar a akwatin zaɓe. Amma kuma mai riƙe da wannan kujera yana iya tura ƙudurin doka ya tsallake majalisa cikin 'yan kwanaki, abin da shugaban Amurka kan shafe watanni yana lallami bai samu ba. Dalilin duka biyun ɗaya ne: ikon firaminista aro ne daga jam'iyyarsa. Muddin 'yan majalisar jam'iyyar suna bayansa, da wuya a sami mai tare masa gaba, ranar da suka juya masa baya kuwa babu takardar da za ta cece shi. Saboda haka mai son auna ƙarfin wani firaminista, ɗalibi ne ko ɗan jarida ko mai bibiyar labarai, ya kamata ya fi ba jam'iyya hankalinsa a kan ofishin kansa.

Fara tabbatar da irin tsarin

Ba duk ƙasar da ke da firaminista ce ke bin tsarin majalisa ba. A Kamaru shugaban ƙasa ne yake naɗa firaminista ya kuma sauke shi lokacin da ya ga dama, don haka auna ƙarfinsa da ma'aunin Birtaniya ɓata lokaci ne. Faransa, da Nijar a ƙarƙashin kundin tsarin mulkinta na farkon shekarun 1990, sun raba iko ne tsakanin zaɓaɓɓen shugaban ƙasa da firaministan da majalisa ke mara wa baya, kuma mutanen Nijar sun ga abin da hakan ke haifarwa lokacin da 'yan adawa suka sami rinjaye a zaɓen majalisa na 1995, Hama Amadou ya zama firaminista a ƙarƙashin Shugaba Mahamane Ousmane, aka yi ta ja-in-ja har sojoji suka ƙwace mulki a watan Janairun 1996. Tambayoyi biyu sun isa su raba maka gardama. Shin majalisa tana iya sauke shugaban gwamnati da ƙuri'ar rinjaye, ba tare da ta tuhume shi da aikata laifi ba? Kuma shin akwai wani a samansa da ke riƙe da ainihin ikon zartarwa? Idan amsar farko e ce, ta biyu kuma a'a, to tsarin majalisa ne, ko da sunan muƙamin ya bambanta, kamar yadda yake a Jamus da Afirka ta Kudu.

Ƙirga kujeru, sannan ka raba rinjayen gida biyu

Majalisar wakilan Birtaniya tana da kujeru 650, don haka a takarda ana buƙatar 326 kafin a ce jam'iyya ta yi rinjaye. A aikace adadin yakan ɗan gaza haka, domin kakakin majalisa da mataimakansa ba sa kaɗa ƙuri'a, kuma 'yan jam'iyyar Sinn Féin ta Ailan ta Arewa ba sa hawa kujerun da suka ci, saboda ba su yarda su yi rantsuwar biyayya ga masarautar Ingila ba. Abin da mutane da yawa ke mantawa shi ne cewa duk ɗan majalisar gwamnati da ya koma ɗaya ɓangaren a wata ƙuri'a, sau biyu yake yi mata illa, ya rage mata ɗaya ya ƙara wa abokan hamayya ɗaya. Boris Johnson ya ci kujeru 365 a 2019, rinjayen 80 ke nan, amma mutum 41 kacal suka isa su kayar da shi a kowane ƙuduri idan suka haɗa kai da 'yan adawa. Idan ka ji an ambaci yawan rinjaye, raba shi gida biyu ka ƙara ɗaya, wannan ne adadin da firaminista yake kwana yana lissafi a kai.

Daga nan sai ka duba ko rinjayen na jam'iyya ɗaya ne ko na ƙawance. Theresa May ta kira zaɓe a 2017 da niyyar ƙara kujeru, sai ta tashi da 317, dole ta nemi goyon bayan 'yan majalisa 10 na jam'iyyar DUP ta Ailan ta Arewa, waɗanda suka yarda su tsaya mata a ƙuri'ar amincewa da ta kasafin kuɗi, bayan an yi alkawarin ƙarin fam biliyan 1 ga Ailan ta Arewa. Kwana biyu a jere a watan Janairun 2019 sun nuna iyakar irin wannan yarjejeniya. Ranar 15 ga wata majalisa ta yi watsi da shirinta na ficewa daga Tarayyar Turai da ƙuri'a 432 a kan 202, har da 'yan jam'iyyarta 118 da 'yan DUP ɗin a cikin masu ƙi. Washegari, da 'yan adawa suka gabatar da ƙuri'ar yanke ƙauna, waɗannan mutanen dai suka dawo suka cece ta da ƙuri'a 325 a kan 306. Ba su son manufarta, amma ba su son zaɓe. Ta ci gaba da zama a kan kujera wata shida bayan haka, ba tare da ta iya aiwatar da babban abin da ya kawo ta ba.

Haka za ka karanta Indiya. Jam'iyyar BJP ta Narendra Modi ta ci kujeru 282 a 2014 da 303 a 2019 a majalisa mai kujeru 543, duka sama da 272 da ake buƙata. A 2024 ta sauko zuwa 240, ta zama tana dogaro da jam'iyyun Chandrababu Naidu da Nitish Kumar. Mutum ɗaya ne, ofis ɗaya ne, amma abin da zai iya yi ba tare da ya tuntuɓi kowa ba ya ragu. Sai dai kada ka ɗauka ƙaramar jam'iyya a gwamnatin haɗaka koyaushe ita ke riƙe da wuƙa da nama. Jam'iyyar Liberal Democrat ta shiga gwamnati da Cameron a 2010 da kujeru 57, ta amince da ƙarin kuɗin karatun jami'a da ta yi alkawarin ƙi, a zaɓen 2015 ta tashi da kujeru 8. Ƙaramar abokiyar ƙawance da farin jininta ya zube takan fi kowa tsoron zaɓe, kuma firaminista ya san haka.

Karanta dokokin jam'iyya na sauke shugaba

Wannan ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, shi ne kuma aka fi tsallakewa, domin ba a cikin kundin tsarin mulkin ƙasa yake ba. Tambayar ita ce: wane ne yake naɗa shugaban jam'iyya, wane ne kuma zai iya sauke shi, kuma mutum nawa ake buƙata?

A jam'iyyar Conservative, ikon saukewa yana hannun 'yan majalisa ta hanyar wani kwamiti na 'yan kujerun baya, wato waɗanda ba su da muƙami a gwamnati, wanda ake kira kwamitin 1922. Ɗan majalisar da ya gaji da shugaba sai ya rubuta wa shugaban kwamitin wasiƙa a asirce. Shugaban kwamitin ya adana wasiƙun, ba ya gaya wa kowa adadinsu, ba ya faɗin sunayen marubutansu, har sai sun kai yawan da doka ta tanada, wanda a zamanin May da Johnson kashi 15 cikin 100 ne na 'yan majalisar jam'iyyar. Mutum yana iya yi wa firaminista murmushi da safe alhali wasiƙarsa tana cikin aljihun tebur tun watan jiya. Da suka cika 54 a watan Yunin 2022, shugaban kwamitin na lokacin, Sir Graham Brady, ya sanar da Johnson, aka yi ƙuri'ar sirri, ya tsira da 211 a kan 148. Bisa ƙa'ida ya sami kariyar shekara guda ke nan, amma wata ɗaya bayan haka manyan ministocinsa biyu, Rishi Sunak da Sajid Javid, suka yi murabus a yammaci ɗaya, ministoci da mataimaka fiye da 50 suka bi sahu cikin kwana biyu, har ta kai ba shi da isassun mutanen da zai cike gurabe da su, ranar 7 ga Yuli ya ce zai sauka. May ma ta ci irin wannan ƙuri'a da 200 a kan 117 a Disambar 2018, ba ta cika wata shida ba ta sanar da murabus. Saboda haka idan ka ji an ce firaminista ya yi nasara a ƙuri'ar cikin gida, nemi adadin waɗanda suka ƙi shi. Idan sun kai kashi ɗaya cikin uku, sai ka tuna cewa ministoci da mataimakansu kusan dole ne su goyi bayansa, wanda ke nufin a cikin 'yan kujerun baya ya riga ya rasa rabi ko fiye.

Labarin Margaret Thatcher ya cancanci a tsaya a kansa, domin ita ce ake ba da misali da ita idan ana maganar firaminista mai ƙarfi. Ta ci zaɓe sau uku a jere, a 1979 da 1983 da 1987. A watan Nuwamban 1990, bayan harajin kai da ta ƙaƙaba ya tayar da tarzoma, kuma tsohon mataimakinta Geoffrey Howe ya caccake ta a zauren majalisa a jawabinsa na murabus, Michael Heseltine ya fito takara da ita. Tana birnin Paris wajen taro aka kawo mata sakamako: ta sami 204, shi 152, ƙuri'a huɗu suka hana ta kai tazarar da ƙa'ida ta nema. Da ta dawo Landan sai ta riƙa kiran ministocinta ɗaya bayan ɗaya tana jin ta bakinsu, kuma mafi yawansu suka gaya mata magana kusan iri ɗaya, cewa su dai suna tare da ita amma ba za ta kai labari a zagaye na biyu ba. Washegari ta janye. Abin da ya kayar da ita lissafin da kowane ɗan majalisa ya yi ne a ransa, ko sunanta zai taimake shi ya riƙe mazaɓarsa ko zai ja shi ƙasa. A ganina wannan lissafi shi ne ma'auni mafi aminci, ya fi jawabai da rantsuwar biyayya, shi ya sa ya kamata ka riƙa bin sakamakon zaɓukan cike gurbi da na ƙananan hukumomi da ƙuri'un jin ra'ayi, domin su ne 'yan kujerun baya suke karantawa.

Inda ikon zaɓen shugaba ya koma hannun 'yan jam'iyya na gama-gari, lissafin yakan canza. A 2016 'yan majalisar Labour sun kaɗa wa Jeremy Corbyn ƙuri'ar rashin amincewa, 172 a kan 40, ya ƙi sauka, mambobin jam'iyya kuma suka sake zaɓensa. Madugun adawa ne a lokacin, shi ya sa ya iya jurewa. Liz Truss ta nuna ɗaya fuskar matsalar. A zagayen ƙarshe na 'yan majalisa Sunak ya sami 137 ita 113, amma da aka kai wa mambobi sai ta ci da ƙuri'a 81,326 a kan 60,399. Ta shiga ofis ba tare da akasarin mutanen da za ta dogara da su a zaure sun zaɓe ta ba, kuma da shirin rage haraji na ministan kuɗinta Kwasi Kwarteng ya girgiza kasuwa, ba ta sami masu tsaya mata ba, kwana 49 ta yi. Ostareliya kuwa ta taɓa zama a ɗaya ƙarshen, inda taron 'yan majalisar jam'iyya na rana ɗaya ya isa a sauya shugaban gwamnati: an sauke Kevin Rudd a 2010, Julia Gillard a 2013, Tony Abbott a 2015, Malcolm Turnbull a 2018. Manyan jam'iyyun biyu daga baya sun ɗaga adadin da ake buƙata, wanda ke nuna maka cewa waɗannan ƙa'idoji suna sauyawa, dole ka nemi wadda take aiki a lokacin da kake nazari.

Akwai kuma wata tambaya da masu karanta tarihin Najeriya za su gane nan take: shin firaministan shi ne shugaban jam'iyyar? Sir Abubakar Tafawa Balewa mataimakin shugaban jam'iyyar NPC ne, shugabanta Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato ya zaɓi ya zauna a Kaduna a matsayin Firimiyan Jihar Arewa, ga kuma ƙawancen da aka ƙulla da NCNC bayan zaɓen 1959. Wanda ya auna ikon Balewa da abin da ke rubuce a tsarin mulki kaɗai, rabin labarin ya gani. Haka aka yi a Indiya daga 2004 zuwa 2014, Manmohan Singh yana firaminista, Sonia Gandhi tana riƙe da jam'iyyar Congress.

Duba makaman da ke hannunsa

Makami na farko naɗi ne. A Birtaniya doka ta yarda 'yan majalisar wakilai har 95 su riƙe muƙamin minista, ban da mataimakan da ba a biyansu albashi, kuma al'adar haɗin kan majalisar ministoci ta wajabta wa kowannensu ya goyi bayan gwamnati a bainar jama'a ko ya ajiye aiki, kamar yadda Robin Cook ya yi a 2003 kan yaƙin Iraƙi. Bayan waɗannan akwai masu sa ran za a kira su a garambawul na gaba. Wannan makami yana dushewa da tsawon zama, domin kowane garambawul yana ƙara yawan waɗanda aka sauke da waɗanda suka fid da rai, kuma su ne suka fi saurin rubuta wasiƙa.

Na biyu masu tsawatarwa ne na jam'iyya. Kowane mako suna aika wa 'yan majalisarsu takarda mai jerin ƙuri'un da ke tafe, an ja wa kowacce layi a ƙarƙashi. Layi ɗaya yana nufin ana son ka zo, biyu ya zama wajibi sai da uzuri, uku kuwa babu uzuri. A zauren ba a ɓoye ake kaɗa ƙuri'a ba, kowa da ƙafarsa yake bi ta ɗaya daga cikin farfajiya biyu, ta masu cewa e ko ta masu cewa a'a, masu tsawatarwa suna tsaye suna kallon wanda ya bi ta inda bai kamata ba. Hukunci mafi tsanani shi ne a cire mutum daga sahun jam'iyya a majalisa, abin da Johnson ya yi wa mutum 21 a Satumbar 2019, cikinsu har da Kenneth Clarke da jikan Winston Churchill, Nicholas Soames. Duk da haka ɗan majalisar Birtaniya ba ya rasa kujerarsa don ya saɓa wa jam'iyya ko ya sauya sheƙa. A Indiya dokar hana sauya sheƙa ta 1985 ta sa wanda ya kaɗa ƙuri'a saɓanin umarnin jam'iyyarsa yana iya rasa kujerar gaba ɗaya. An yi ta ne don magance sayen 'yan majalisa, amma ta kuma mayar da tawayen cikin gida abin da kusan ba zai yiwu ba.

Na uku ikon rusa majalisa ne. Birtaniya ta ɗaure hannun firaminista da dokar ƙayyade wa'adi ta 2011, ta warware ta a 2022, don haka yanzu shi ke zaɓar ranar zaɓe a cikin shekara biyar. A Nowe ba a rusa majalisa kafin wa'adinta ko kaɗan. A Jamus sai shugaban gwamnati ya nemi ƙuri'ar amincewa ya faɗi kafin shugaban ƙasa ya iya kiran zaɓe, hanyar da Gerhard Schröder ya bi a 2005, Olaf Scholz kuma a Disambar 2024 bayan ƙawancensa ya watse.

San yadda majalisa ke yanke ƙauna

A Birtaniya rinjayen ƙuri'a ɗaya ya isa. Ranar 28 ga Maris 1979 gwamnatin James Callaghan ta faɗi da 311 a kan 310, kuma akwai ɗan majalisar Labour, Sir Alfred Broughton, da ke kwance rai a hannun Allah, wanda aka yanke shawarar kada a ɗauko shi zuwa Landan, ya rasu 'yan kwanaki bayan haka. Gwamnatin Atal Bihari Vajpayee ma da ƙuri'a ɗaya ta faɗi a Indiya a 1999. Jamus ta ɗauki darasi daga rikicin gwamnatocinta na kafin Hitler, ta rubuta a sashe na 67 na kundinta cewa majalisa ba za ta sauke shugaban gwamnati ba sai ta zaɓi magajinsa a ƙuri'a guda, kuma sau ɗaya tak hakan ya yi nasara a matakin tarayya, lokacin da Helmut Kohl ya maye gurbin Helmut Schmidt a 1982. Sifaniya tana da irin wannan ƙa'ida, da ita Pedro Sánchez ya kayar da Mariano Rajoy a 2018. Inda ƙa'idar take haka, gwamnati marar rinjaye tana iya daɗewa, domin haɗa kai a ƙi mutum ya fi sauƙi a kan haɗa kai a zaɓi wani.

Ka kuma bincika a ina ake tabbatar da cewa amincewa ta ƙare, a zauren majalisa ko a takarda. Rikicin Jihar Yamma ta Najeriya a 1962 a kan wannan gaɓa ya tashi. Bayan jam'iyyar AG ta rabe tsakanin Obafemi Awolowo da Firimiya Samuel Akintola, Gwamna Sir Adesoji Aderemi ya sauke Akintola bisa wasiƙar da akasarin 'yan majalisa suka sa wa hannu, ba tare da an kaɗa ƙuri'a a zaure ba, ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro. Zaman majalisa a Ibadan ya ƙare da jifa da kujeru, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, shari'ar ta kai har Landan inda aka ba Adegbenro gaskiya a 1963, amma an gyara tsarin mulkin jihar ta yadda hukuncin bai yi aiki ba.

Sannan ka tambayi lafiyar dimokuraɗiyyar

Ƙarfin firaminista ba laifi ba ne a kan kansa. Ɗa'ar jam'iyya ce take ba mai zaɓe damar sanin wanda zai kama da laifi idan abubuwa suka lalace, kuma majalisar da kowa ke cin gashin kansa takan haifar da abin da Beljiyam ta gani, kwana 541 ana neman kafa gwamnati tsakanin 2010 da 2011. Haɗarin yana inda ɗan siyasar Birtaniya Lord Hailsham ya nuna a 1976, lokacin da ya kira tsarin ƙasarsa mulkin kama-karya na zaɓaɓɓu: majalisar da aka ɗora wa sa ido a kan gwamnati, gwamnatin ce ke juya ta.

Soma da kwatanta kujeru da ƙuri'u. A 2024 Labour ta ci kujeru 411 da kusan kashi 34 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa, jam'iyyar Reform UK kuwa ta sami kusan kashi 14 amma kujeru 5 ta samu. Babban rinjaye a zaure ba ya nufin babban goyon baya a ƙasa. Daga nan duba ko 'yan majalisar gwamnati suna iya cewa a'a su kwana lafiya. 'Yan Labour 139 sun bijire wa Tony Blair kan Iraƙi, kuma a 2013 majalisa ta hana Cameron kai hari Siriya da ƙuri'a 285 a kan 272, ya kuma bi. Duba wanda ke naɗa shugabannin kwamitoci, waɗanda a Birtaniya tun 2010 majalisa ce ke zaɓar mafi yawansu a asirce maimakon masu tsawatarwa. Duba kotu: da Johnson ya dakatar da zaman majalisa na mako biyar a 2019, alƙalai 11 na kotun ƙoli suka haɗu a kan cewa matakin haramtacce ne, washegari 'yan majalisa suka koma zaure.

Alama mafi muni ita ce rinjayen da ya kai ga sauya ƙa'idojin wasan kansu. A Hangari jam'iyyar Viktor Orbán ta sami kusan kashi 53 na ƙuri'u a 2010, tsarin zaɓe ya mayar mata da shi kashi biyu cikin uku na kujeru, da shi ta rubuta sabon kundin tsarin mulki a 2011, ta sake fasalin mazaɓu, ta rage ikon kotun tsarin mulki. Firaministar Indiya Indira Gandhi, wadda ta riga ta murƙushe masu ja da ita a cikin Congress, ta kafa dokar ta-ɓaci a Yunin 1975 bayan wata kotu ta soke zaɓenta, majalisa ta amince, aka yi wata 21 ana tsare 'yan adawa da tace jaridu, har zaɓen 1977 ya raba ta da mulki da ma kujerarta.

Mataki na ƙarshe, wanda shi ke bayyana dalilin da ya sa wasu majalisu ke iya tsawatarwa wasu ba sa iyawa, shi ne ka gano wanda ke ba da tikitin takara. Ɗan majalisar da reshen jam'iyya na mazaɓarsa ya tsayar, wanda mutanen garinsu suka san fuskarsa, yana da ƙasar da zai taka idan ya saɓa wa shugaba. Wanda uwar jam'iyya ta rubuta sunansa a jerin 'yan takara, kamar yadda ake yi a Sifaniya da Afirka ta Kudu, makomarsa tana hannun masu rubuta jerin. A Afirka ta Kudu wanda aka kora daga jam'iyya ya rasa kujerarsa ke nan, shi ya sa 'yan adawa suka je har kotun tsarin mulki a 2017 suna neman a yi ƙuri'ar yanke ƙauna ga Shugaba Jacob Zuma a asirce. Kakakin majalisa ta amince, aka kaɗa a watan Agusta, Zuma ya tsira da 198 a kan 177 duk da cewa jam'iyyar ANC tana da kujeru 249, alamar cewa wasu 'yan gida sun yi amfani da sirrin. A watan Disamba Cyril Ramaphosa ya ci shugabancin ANC a babban taronta, a watan Fabrairun 2018 kwamitin zartarwar jam'iyyar ya umarci Zuma ya sauka, ya kuma yi murabus ana jajibirin wata sabuwar ƙuri'ar yanke ƙauna da 'yan majalisar jam'iyyarsa suka ce za su goyi bayanta.